Igiyar Talala a Hannun Mai Harshe Biyu

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san talala. Doguwar igiya ce ake ɗaura wa akuya ko jaki, a kafa turke a gefen gona, a bar dabbar ta yi ta cin ciyawarta kamar a sake take. Sai ta hango ganyen wake a can gaba ta zabura, igiya ta tuna mata da wuyanta. Daga nan Bahaushe ya samo sunan hukuncin da alƙali ke yankewa idan ya sami mutum da laifi amma bai tura shi gidan yari ba, wato ɗaurin talala. Koma gidanka, ka ci gaba da sana'arka, ka kwana cikin iyalinka, amma ga sharuɗɗa, ga kuma wanda zai riƙe ɗaya bakin igiyar.

A Amurka, baligai kimanin miliyan 3 ne ke yawo da wannan igiya, adadin da ya zarce na duk waɗanda ke kulle a gidajen yarin ƙasar. Masu riƙe da ɗaya bakin ma'aikata ne na jihohi da gundumomi, jami'an sa ido a kan masu ɗaurin talala. Aikinsu ba ya fitowa a fim kamar na lauya ko ɗan sanda, amma kalma ɗaya a rahotonsu na iya sa mutum ya kwana a gida ko a kurkuku. Kuma ƙasa ce da mutum fiye da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu, wasu kimanin miliyan 25 kuwa Turancinsu bai nuna ba. Shi ya sa kotunan gundumomi, daga Kalifoniya zuwa Texas zuwa New York, kullum suke neman jami'in da ke da harshe biyu.

Igiyar talalar kotu ba da rama ake tufka ta ba, da magana ake tufka ta. Wanda bai ji maganar ba, bai san tsawon igiyarsa ba.

Mai takalma a kotun Boston

Abin ya faro ne daga wani mai ɗinkin takalma. A shekarar 1841, John Augustus, mutumin birnin Boston kuma ɗan wata ƙungiya mai yaƙi da shan giya, ya shiga kotun 'yan sanda ya tarar ana shirin ɗaure wani mashayi. Ya roƙi alƙali ya ba shi mutumin na mako uku, shi zai tsaya masa. Da wa'adi ya cika suka dawo tare, mutumin fes da shi, har alƙali ya yi mamaki. Aka ci shi tarar santi ɗaya, da kuɗin kotu duka suka kama dala 3 da santi 76. Daga ranar Augustus ya mai da kotu wurin zamansa. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa mutum kusan 2,000, maza da mata da yara, sau da yawa da kuɗin aljihunsa. Ma'aikatan kotu ba su so shi ba, domin a lokacin ana ba su 'yan kuɗi a kan duk wanda aka kai kurkuku, shi kuwa yana toshe musu hanyar abinci.

A 1878 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta mai da aikin na hukuma, mai albashi. Ingila ta yi tata a 1907, gwamnatin tarayyar Amurka kuma a 1925. Mai karatu Bahaushe ba zai ga wani baƙon abu a labarin Augustus ba. Abin da dattijon unguwa ke yi ke nan idan ya je caji ofis ya ce, “Yallaɓai, a ba ni yaron nan, ɗan gidan wane ne, ni zan tsaya masa.” Bambancin kawai, can an ɗauki dattijon an ba shi ofis da fayil da ikon mayar da yaron hannun alƙali. Tun ranar da aka yi haka aikin ya zama mai fuska biyu, mataimaki kuma mai gadi, kuma har yau ba a raba fuskokin ba.

Aikin jami'in yakan fara tun kafin a yanke hukunci. Idan an sami mutum da laifi, alƙali kan nemi a rubuto masa rahoto a kansa: ina aka haife shi, wa ya rene shi, me ya karanta, me yake sha, wa yake ciyarwa, ya taɓa shiga hannu ko kuwa, kuma yana nadama? Alƙalin da ke da shari'a gomomi a gabansa ba shi da lokacin sanin mutum. Rahoton ne mutumin. Bayan hukunci kuma sai sharuɗɗa: ka riƙa zuwa ofis ranar kaza, ka ba da fitsari a gwada ko ka sha ƙwaya, kada ka bar gunduma sai da izini, kada ka riƙe bindiga, kada ka kusanci wance, ka nemi aiki, ka biya tara da diyya da kuɗin sa idon da ake yi maka, ka halarci ajin masu shaye-shaye ko na masu dukan mata. Wani lokaci sharuɗɗan kan haura goma sha biyar, a rubuce cikin Turancin lauyoyi wanda ko ɗan ƙasa sai ya karanta sau biyu.

Karya ɗaya daga cikinsu ba sai an yi sabon laifi ba. Mantuwa da ranar zuwa ofis ta isa. Wani bincike da cibiyar shari'a ta Majalisar Gwamnatocin Jihohin Amurka ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 45 cikin 100 na waɗanda ake kai wa gidajen yarin jihohi sun shiga ne saboda saɓa sharuɗɗan talala ko na sakin wucin gadi, kuma kusan kashi 25 cikin 100 irin saɓawar nan ce da ba ta ƙunshi sabon laifi ba. To, a lissafa da mutumin da ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba.

Inda kalma ke tuntuɓe

Ga abu mai sauƙi kamar kwanan wata. Ba'amurke yana fara rubuta wata kafin rana. Mutumin Meziko ko Guatemala, kamar mu, rana yake farawa da ita. Aka ba shi takarda an rubuta 3/4. Ofis na nufin 4 ga Maris, shi ya karanta 3 ga Afrilu. Ya zo a ranarsa, da wankansa da kuɗin mota, ya tarar tuni an ba da takardar kama shi. Jami'in da ya tashi cikin al'adun biyu ba ya rubuta lamba zalla. Sunan watan yake rubutawa da haruffa, ya kuma faɗi ranar mako.

Sunaye ma haka. Mai Sifaniyanci yana da sunan dangi biyu, na uba da na uwa, kwamfutar kotu kuwa gurbi ɗaya ta sani. Magatakarda ya ɗauki na ƙarshe, ɗan sanda ya ɗauki na farko, sai mutum ɗaya ya zama biyu a takarda, ko laifin wani ya hau kan wani.

Sai kalmomin da suka yi kama amma ba dangi ba. A Sifaniyanci, molestar na nufin damun mutum ko takura masa. Kalmar Turanci mai kama da ita kuwa lalata da yara take nufi. Mace ta ce maƙwabcinta yana damun ɗanta da tsokana, mai rabin harshe ya rubuta abin da zai sa a ɗaure maƙwabcin shekaru. Haka kalmar notario: a ƙasashen Latin Amurka ƙwararren masanin shari'a ne, a Amurka kuwa mai irin wannan suna shaidar sa hannu kawai yake yi. 'Yan damfara sun daɗe suna cin kasuwa a wannan rami, suna karɓar kuɗin baƙi a matsayin lauyoyi. Jami'i mai harshe biyu yakan zama mutum na farko da zai ce wa wanda ke hannunsa, wancan da kake biya ba lauya ba ne.

Kuma Sifaniyancin kansa ba ɗaya ba ne. Guagua motar bas ce a Kuba da Puerto Rico, jariri ce a Chile. Bakano da ya taɓa hira da mutumin Filinge ko na zangon Kumasi ya san yadda harshe ɗaya ke rabuwa gida-gida. Akwai kuma zaɓi tsakanin tú da usted, kamar tsakanin kai da ku a wurinmu. Jami'a 'yar shekara ashirin da takwas tana zaune, a gabanta ga dattijo sa'an mahaifinta da aka kama yana tuƙi a buge. Idan ta ce masa kai, ta raina shi, ya rufe bakinsa ke nan. Turanci bai da wannan matsala domin kalma ɗaya yake da ita ga sarki da bawa. Ita kuwa sai ta zaɓa tun a gaisuwar farko.

Abin da ya fi kalma wuya shi ne shiru. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya haɗa ido da babba zai sunkuyar da kai a gaban hukuma. Jami'in da bai san wannan ba sai ya rubuta cewa yana ɓoye wani abu, ko bai nuna nadama ba. Mutumin ƙauye zai ce “to” ga duk abin da aka faɗa masa, domin a inda ya fito ba a ce wa mai kaki “ban gane ba.” Mu da muka san kunya da kawaici ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙwararrun jami'ai sun daina tambayar “ka gane?” Sai su ce, maimaita mini da bakinka, ran yaushe za ka dawo, kuma me zai faru idan ba ka zo ba.

Dokar Amurka ba ta kula da matsalar harshe da sauri ba. A 1966 aka kama wani matashi ɗan Puerto Rico, Rogelio Nieves Negrón, mai aikin gonar dankali a gundumar Suffolk ta jihar New York, bisa kashe abokin aikinsa. Shaidu 14 gwamnati ta kawo, 12 da Turanci suka yi magana, shi kuwa yana zaune bai san me ake cewa ba sai ɗan taƙaitawar da ake yi masa lokacin hutu. Aka ɗaure shi. A 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan ba shari'a ba ce, mutum yana da haƙƙin jin abin da ake faɗa a kansa. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar tafintocin kotu, wadda ta kafa jarrabawa ga masu aikin a kotunan tarayya.

Duk da haka a 1986 aka sake tafka wata a jihar Oregon. Santiago Ventura Morales, ɗan shekara 18 mai tsinkar 'ya'yan itace, aka tuhume shi da kisa, aka kawo masa tafintan Sifaniyanci tunda daga Meziko ya fito. Ashe harshensa Mixtec ne, ɗaya daga harsunan 'yan asalin ƙasar, Sifaniyancin kaɗan yake ji. Ya yi shekara huɗu a kurkuku kafin a sake shi a 1991. Wannan darasi ya shafi jami'i mai harshe biyu kai tsaye. Yau mutane da yawa da ke zuwa daga Guatemala da kudancin Meziko da K'iche' ko Mam ko Zapotec suka tashi. Ofis zai tura su wurin “mai Sifaniyancin nan,” su kuma za su yi ta gyaɗa kai. Jami'in kirki shi ne wanda zai gane cewa harshensa na biyu ma bai kai ba, ya fito ya faɗa.

Tafinta daban, jami'i daban

Tafinta yana tsaye a zauren kotu, ya yi rantsuwa, ba ya ƙari ba ya ragi, ba ruwansa da wanda ya ci ko ya faɗi. Da alƙali ya tashi, aikinsa ya ƙare. Amma ɗaurin talala bayan tashin alƙali yake farawa, kuma shekaru yake ɗauka. A ofishin sa ido, idan babu mai harshen, sai a buga wa tafintan waya, ko kuma a yi abin da bai kamata ba, a sa ɗan mutum mai shekara goma ya fassara wa ubansa tambayar yaushe rabonsa da hodar iblis.

Shi ya sa jami'i mai harshe biyu ke zama jakin ofis. Ga nasa fayilolin, ga abokin aiki ya leƙo yana cewa zo ka taya ni minti biyar, ga takardar da za a fassara, ga waya daga uwar wani da ba ta jin Turanci. Gundumomi da yawa kan yi masa jarrabawa su ƙara masa ɗan alawus, wanda ba ya kusa da nauyin da aka ɗora masa. Da yawa daga cikin irin waɗannan jami'ai 'ya'yan baƙi ne, waɗanda tun suna firamare suke yi wa iyayensu tafinta a asibiti da wurin mai gidan haya. Sun iya harshen kicin da na wasa da na faɗa. Harshen shari'a kuwa sai an koya. Wanda ya iya ce wa kakarsa barka da asuba da Hausa ba shi ne zai iya bayyana mata bambancin beli da afuwa da jingine hukunci ba.

Haɗarin ya fi girma idan aka ce jami'in ya yi tafinta a zaman da shi ne mai ƙara. Tun shari'ar Gagnon da Scarpelli a 1973, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba a soke talalar mutum sai an zauna an saurare shi. A wannan zama jami'in shaida ne, shi ya rubuta cewa an saɓa. Idan kuma shi ne bakin wanda ake ƙara, an ba kura ajiyar nama, ko da kurar mai tsoron Allah ce.

Harshen gida

A ganina, a nan ainihin nauyin aikin yake, kuma ba a cika faɗarsa a tallan neman ma'aikata ba. Mutum ya yi watanni yana yawo tsakanin ɗan sanda da lauya da alƙali, kowa na magana a kansa da harshen da ba ya ji. Sai ya shiga wani ɗan ofis, wani ya ɗago kai ya gaishe shi da harshen uwarsa, ya tambaye shi garinsu, har ya san abincin da ake ci a can. Kafaɗunsa su sauka. Ya ga ɗan'uwa. Sai baki ya buɗe: ai ranar Asabar na ɗan sha kwalba biyu a bikin ƙanwata, ai na tsallaka jihar maƙwabta na yi aikin kwana uku, ai na je na ga yarana ko da an ce kada in kusanci gidan.

Wannan buɗewar baki ita ce amfanin harshe biyu, domin ba a gyara mutumin da ba a san ciwonsa ba. Ita ce kuma tarkon. Duk abin da ya faɗa, ga ma'aikacin kotu ya faɗa. Shari'ar Minnesota da Murphy ta 1984 ta fayyace wannan. Marshall Murphy yana cikin talala, cikin sharuɗɗansa har da faɗa wa jami'arsa gaskiya a kan komai. Ta kira shi ofis ta tambaye shi wani kisa da aka yi a 1974, ya amsa cewa shi ne. Kotun Ƙoli ta ce maganar ta karɓu a matsayin shaida, ko da ba a gargaɗe shi ba kamar yadda ɗan sanda ke gargaɗin wanda ya kama. Murphy da Turanci ya tashi, kuma laifinsa babba ne. Amma ƙa'idar ta hau kan kowa, har mai kwalba biyu a bikin ƙanwa. Baki shi ke yanka wuya, kuma ya fi saurin yankawa idan da harshen gida ake hira.

Don haka nake ganin gaskiyar jami'i mai harshe biyu ana gane ta ne a minti biyar na farko. Ko dai ya bar mutumin cikin ruɗun 'yan'uwantaka don ya kwashi labari, ko ya gaya masa da harshen nan mai daɗi cewa, ni ba lauyanka ba ne, zan taimake ka iyakar iyawata, amma abin da ka gaya mini yana iya kaiwa ga alƙali. Na biyun ya fi wuya, kuma yana iya rage masa labari. Shi ne kuma kaɗai ba yaudara ba.

Sannan ga unguwa. Sau da yawa jami'in a cikin jama'ar yake zaune. Coci ɗaya, kanti ɗaya, makarantar yara ɗaya. Zai je ziyarar gida, wadda tun shari'ar Griffin da Wisconsin a 1987 doka ta yarda ta zama bincike ba tare da takardar alƙali ba idan akwai dalili, sai uwar gida ta kawo masa abinci. Ya ci, an ce ya karɓi toshiya. Ya ƙi, ya yi wulaƙanci. A unguwa wasu na ce masa ɗan koren Turawa, a ofis kuma wasu na zargin yana yi wa mutanensa sassauci. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ce dabba ne, dabbobi sun ce tsuntsu ne. Kakanninmu sun san irin wannan kujera tun zamanin tafintan Di'o, wanda talaka ke tsoro fiye da Baturen, kuma Amadou Hampâté Bâ ya rubuta littafi sukutum a 1973 a kan wani irinsa mai suna Wangrin.

Akwai wurin da harshen ke ceton mutum ƙarara, wato batun kuɗi. A 1983, a shari'ar Danny Bearden na jihar Georgia, wanda aka ɗora wa tarar dala 500 da diyyar dala 250, ya biya 200 sannan ya rasa aikinsa, Kotun Ƙoli ta ce ba a mayar da mutum kurkuku don kawai talauci ya hana shi biya, sai an bincika ko ƙi ya yi ko kasawa. To, wa zai bincika? Bambancin “na ƙi” da “na kasa” yana cikin labarin da mutum zai ba da: an rage masa kwanakin aiki, mai gida ya hana shi kuɗinsa, uwarsa na asibiti a ƙauye. Mai kunya ba zai faɗi wannan ta wayar tafinta ba.

Sai babban dodo, hukumar shige da fice. A dokar Amurka, amsa laifi da karɓar talala hukunci ne cikakke wajen batun zama a ƙasa, kuma yana iya sa a tasa ƙeyar mutum. A 2010, a shari'ar Jose Padilla, haifaffen Honduras da ya yi shekara 40 a Amurka har ya yi mata yaƙi a Vietnam, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa wanda yake karewa wannan haɗari kafin ya amsa laifi. An sha kama mutane a ofisoshin sa ido a ranar da suka zo cika sharaɗi. Wasu jihohi, irin Kalifoniya da dokarta ta 2017, sun taƙaita haɗin kai da jami'an shige da fice, wasu kuma sun wajabta shi. Mutum ya zo, a kama shi. Ya ƙi zuwa, ya saɓa sharaɗi. Gaba kura, baya sayaki. Kuma wanda ya buga waya ya ce masa “zo, ba komai” da harshen uwarsa, shi unguwa za ta riƙe.

Iskar siyasa ma ta juya. A watan Agustan 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarni mai lamba 13166, wanda ya sa hukumomin tarayya da masu karɓar kuɗinta su yi tanadi domin waɗanda ba su jin Turanci sosai. A ranar 1 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya soke shi, ya ayyana Turanci a matsayin harshen hukuma. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 tana nan, dokokin jihohi da birane ma suna nan. Birnin New York, alal misali, tun 2017 ya wajabta wa hukumominsa fassara muhimman takardu zuwa harsuna goma, ciki har da Larabci da Faransanci da Urdu. Babu Hausa a ciki. Ɗan zangon Accra ko ɗan Maraɗi da ke tuƙin tasi a Bronx, idan ƙaddara ta kai shi wannan ofis, mafi yawanci da Turancinsa ko Faransancinsa na kasuwa zai kare kansa, ko ya jira a samo wani ta waya.

Mu da muke shirin ɗaura tamu

A Najeriya maganar ta daina zama ta nesa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi talala da jingine hukunci da yi wa al'umma aiki, jihohi kuma sun yi nasu irinta. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari Hukumar Gidajen Gyaran Hali, ta kuma buɗe mata sashe na hukuncin da ba na kulle ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa kai wa wani abinci Kurmawa ko Goron Dutse: gidajen sun cika sun batse, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke ciki jiran shari'a suke.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ce a gaya wa wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Amma a kotun majistare da babbar kotu da Turanci ake rubuta komai, kuma sau da yawa magatakarda ne ke juyowa ya taƙaita wa mutum jawabin minti goma cikin jimla biyu. Mutumin ya ce, “To, ranka ya daɗe.” A nan kusan kowane ma'aikaci harshe biyu gare shi, shi ya sa ba mu ɗauki abin a matsayin ƙwarewa ba, balle a koyar da shi ko a gwada. Kuma muna yawan yin kuskuren Oregon. Bafulatanin ruga, ko tsohuwa Babarbariya, ko manomi ɗan Tibi, don ya iya cinikin hatsi da Hausa sai a ce ai yana ji.

Kirana ga manyan alƙalan jihohi da Hukumar Gidajen Gyaran Hali shi ne, kafin a yawaita ɗaurin talala, a fassara takardar sharuɗɗa zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunan kowace jiha, da boko da ajami, a kuma naɗi sautinta a tura wa mutum a wayarsa. A rubuta sunan wata da ranar mako. A hana jami'in da ya kai ƙara yin tafinta a zaman ƙarar. Kuma kada a bar kowa ya dangwala yatsa sai ya maimaita sharuɗɗan da bakinsa, a gaban wanda ya tsaya masa.